Kifayen Yaya Yahuza

A shagon abincin kifi da ke bakin kasuwar Ƙanƙara Zulfa ta fara ganin Adnan. Ta miƙa masa wayarta.

"Abincin waɗannan nake nema."

Ya ƙura wa hoton ido. Kifaye biyu ne, mace da namiji, cikin ɗan akwatin gilashi, ba su wuce tsawon yatsa ba.

"Ikon Allah! Dangin karfasa ne, amma wadanni. Ni tarwaɗa na sani, Malama. Ina kika samo su?"

"Na yayana ne, Yahuza. Daga Kaduna ya kawo su." Ta sunkuyar da kai. "Ya rasu a hanyar Faskari, ko arba'in ba a yi ba."

Adnan ya yi masa addu'a. Ya daka abincin tarwaɗa har ya yi laushi, ya ƙulle mata, ya karɓi lambarta don ya ji ko sun ci.

Sun ci. Daga nan suka shiga koyo tare, shi yana bincike a waya, ita tana gwadawa.

"Malamar kifi," ya rubuto mata, "na karanta suna son ɓuya. Ki kifa masu fasasshen kasko. Kuma ba a sauya ruwan duka, kaɗan-kaɗan ake ɗiba. Ke fa, kin ci abinci?"

Ta amsa: "Macen ta shige kaskon ta ƙi fitowa. Haka nake tun rasuwar Yaya. Kai kaɗai kake sa ni leƙowa."

Da maganar soyayyarsu ta kai ga mahaifinta, Alhaji Gide, sai ya ɗaure fuska.

"Da digirinki ki ƙare wurin mai ƙarnin kifi, ɗan Sabuwa da ban san kowa nasa ba? Mi Lawwali ya rasa? Ɗan'uwanki ne, ga shi ma'aikaci."

Ranar da Lawwali zai zo gaisuwa, aka aiki Zulfa unguwa. Innarta ta ga gilashin ya yi kore, ta ji kunyar baƙo ya gani. Ta wanke shi tas da sabulu kamar yadda take wanke randa, ta cika shi da sabon ruwa.

Zulfa ta dawo ta tarar da namijin yana yawo a saman ruwa, ciki sama. Ta kwashe macen a kwano. Da safen nan ta ba su sabon abinci daga shagon Adnan.

"Abincinka ya kashe shi," ta rubuta. "Kar ka sake kirana."

Lawwali ya leƙa kwanon ya yi dariya. "Haba Zulfa, abin da ko miya ba zai yi ba kike wa kuka?"

Bayan la'asar Adnan ya iso a babur da jarkar ruwan da ya kwana, irin wanda ba ya cutar da kifi. Alhaji ya so ya kore shi, amma Inna ta riga shi zaure tana hawaye.

"Ba kai ba ne, ɗan nan, ni ce. Tsabta na yi masu. Abin da yarona ya bari ni na kashe da hannuna."

"Inna, da ban karanta ba ni ma haka zan yi," in ji Adnan. "Ɗaya tana da rai. Ki taya ni mu ɗauraye gilashin."

Suka yi ta ɗauraya har ƙamshin sabulun ya fita. Da aka mayar da macen, ta nutse ƙasa ta yi shiru, can ta motsa wutsiya.

"Ka yafe min," Zulfa ta ce wa Adnan, don ta ji duk abin da Inna ta faɗa.

"Zulfata, ai ban riƙe ki ba."

Alhaji yana bakin ƙofa duk tsawon lokacin. Ya share ido da hannun riga.

"Tunda Yahuza ya tafi ban iya kallon gilashin nan ba. Ka turo mani manyanka."

Ranar kai amarya, ƙawaye suka zo ɗaukar akwatin gilashin. Inna ta dafa shi.

"Ku bar mani ita. Ɗakin Yahuza wayam, yau ga naki. Adnan ya koya mani, ba zan ƙara kuskure ba."

Zulfa ta rungume ta, suka yi kuka mai isarsu. Alhaji ya kama hannun 'yarsa har bakin mota.

"Allah shi yi maku albarka. Allah shi jiƙan wanda bai ga yau ba."