Tabarauna

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a falon Umma. Fanka tana juyawa da ƙyar, Yaya ta kame rimot ta hana kowa taɓawa, Auta kuwa tana zaune a hannun kujera tana yanke farce, ido ɗaya a kan talabijin. Duk Asabar haka suke haɗuwa su kalli shirin nan mai dogon zango da mijin Auta yake rubutawa: labarin wani magidanci mai cin amanar matarsa yana neman sakatariyarsa, ga kuma wani ɓoyayyen mutum da yake bin su da kyamara yana yi musu barazana.

"Dubi kukan nan don Allah!" in ji Yaya. "Ko ɗigon hawaye babu, sai murza ido take kamar wadda ƙwaro ya faɗa wa. Wa ya ce mata ta iya aktin?"

"Kai Yaya, ke dai ba a burge ki."

"Jarumin dai ya iya. Kin ga yadda yake tura gilashi da ɗan yatsa? Sak Malam Biro!"

Malam Biro shi ne sunan tsokanar da Yaya ta laƙaba wa mijin ƙanwarta. Auta ta yi dariya ta ce, "Ai shi yake kwaikwaya, kullum suna tare a wurin ɗaukar shirin."

A cikin shirin, magidancin ya tsayar da mota a bakin titi. Ya zare gilashinsa, ya dubi sakatariyar, ya sassauta murya ya ce, "Kafin in san ki dishi-dishi nake ganin duniya. Ke ce tabarauna."

Abin yankan farcen ya suɓuce daga hannun Auta ya faɗi ƙasa.

Auta tana aiki ne a shagon gwada ido da haɗa tabarau. Can suka haɗu, ranar da ya shigo yana ƙanƙance ido kamar mai neman allura. Da ta ɗora masa sabon gilashi a fuska, sai ya tsaya yana kallonta ya ce, "Ashe haka duniya take?" Tun daga nan, in suna su biyu, ba ya kiranta da komai sai Tabarauna. Mutum ɗaya ta taɓa faɗa wa, tana amarya tana rufe fuska don kunya, kuma mutumin ne yake riƙe da rimot yanzu.

Yaya ta kashe sauti. "Auta… wannan ba sunanki ba ne?"

Auta ta sunkuya ta ɗauki abin yankan farcen.

"Lallai! Ya ɗauki sunanki ya ba karuwa a gaban duniya! Na sha faɗa miki, marubuci ba ya rubuta abin da bai ɗanɗana ba. Ruwa ba ya tsami banza!"

"Ke, ki iya bakinki," in ji Umma daga kan darduma.

Yaya ba haka take ba a da. Aurenta ne ya mutu bayan ta kama mijinta dumu-dumu, ta dawo gida, tun daga lokacin duk namiji da ido ɗaya take kallonsa.

Kafin magariba mijin Auta ya iso ɗaukarta. Ya yi sallama da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe da Umma, sannan ya juyo yana tambaya, "Yaya kuka ga na yau?"

"Mun gani, mun kuma ji," in ji Yaya. "Wace ce ita?"

"Wa… wace?"

"Ka ji! In-ina ta fara. Haka suke yi a kowane fim!"

Auta ta miƙe ta ce, "Sunana ka ba ta."

Ya tura gilashinsa da yatsa, daidai yadda jarumin yake yi, abin ya ƙara sukar ta. Ya ce, "Haba, a kan wannan ne? Fim ne fa. Kalma ce kawai."

Da ya yi shiru da ya fi masa. Auta ta dube shi ta ce, "Kalma ce kawai?" Ta shige ɗakin Umma ta turo ƙofa, sai sautin kukanta ake ji. Umma ta ce masa ya je, ya bar ta ta huce. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu kafin ya fita.

Satin nan Auta ba ta san zama ba. Ta kwanta ta tashi, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi har tukunya ta ƙone. A shago ta juya wa wani dattijo gilashinsa, na dama a hagu, na hagu a dama, ya taka ƙafa ɗaya ya dafe kanta yana cewa ƙasa tana gudu. Oga ya kira ta gefe ya tambaye ta ko lafiya. Da zarar kastoma ya fita sai ta ciro waya ta sake kallon wurin nan na cikin mota, ta mayar baya, ta sake kallo, tana neman abin da ita ma ba ta sani ba a fuskar sakatariyar. Saƙonnin mijinta kuwa suna ta shigowa: "Tabarauna, ki saurare ni." Sunan da a da yake sa ta murmushi ita kaɗai a titi, yanzu in ta gan shi sai ta ji kamar an ba ta ruwa a kofin da wata ta sha ta rage. Sai ta goge.

Yaya ba ta bar ta ta numfasa ba. "Yana kifa waya a kan tebur?"

"Yana yi… amma tun da can."

"Yana dawowa a makare?"

"In suna ɗauka."

"To me ya rage? Ki ce ya sauwaƙe miki tun da sauran mutuncinki. Kada ki zama ni, da sai da kowa ya sani kafin in sani."

Umma ta jira sai da Yaya ta fita shanya, sannan ta ce, "Auta, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Yayarki ba ƙarya take so ta yi miki ba, ciwonta ne yake magana. Amma ke me kika gani da idonki?"

"Ban ga komai ba, Umma. Ji na yi."

"To kada ki yanke hukunci a kan abin da ba ki gani ba. Ki yi haƙuri, ki bari ƙura ta lafa."

Asabar ta zagayo. Auta ta ce ba za ta kalla ba, amma ana fara kiɗan buɗe shiri sai ga ta a bakin ƙofar falo, ta kasa shiga ta kasa komawa. Yaya ta gyara zama ta ce yau za ta tattara hujjoji.

A wannan kashin, wayar magidancin ta yi ƙara a gaban matarsa, sunan da ya fito ɓaro-ɓaro shi ne "Masoyiyata Sakatariya". Yaya ta ja tsaki. Can kuma ya ɗauki sakatariyar ya kai ta gidan cin abincin da yake kallon ƙofar gidansa, suka zauna a jikin taga. Yaya ta ja wani tsakin, ya fi na farko tsawo. Da ya dawo gida matar ta tambaye shi daga ina yake, sai ya hau rawar jiki, gumi yana keto masa, har ya zubar da ruwa a rigarsa.

Yaya ta wurgar da rimot a kan kujera. "Kai, wannan wane irin shirme ne! Wa ya taɓa cin amana haka? Maci amana ba ya gumi! Shigowa yake da ledar tsaraba yana dariya, ya riga ki yin fushi, ya tambaye ki me ya sa ba ki ɗaga waya ba! Nawa fa 'Bakanike' ya sa mata a waya. Shekara guda ina miƙa masa da hannuna ina cewa ga bakanike yana kira! Wallahi wanda ya rubuta wannan ko hanyar cin amana bai sani…"

Ta tsaya cak, bakinta a buɗe.

Umma ta sunkuyar da kai tana jan carbi, kafaɗunta suna motsi. Auta ta ji dariya ta taso mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara.

"Ni ba wanke shi na yi ba fa," in ji Yaya a sanyaye, tana share ido da bakin mayafi. "Cewa na yi bai iya ba."

Ana haka aka yi sallama. Mijin Auta ne, ya rame, gilashinsa duk shatin yatsu. Wannan karon Yaya ba ta tare shi ba. Ya durƙusa a gaban Umma, amma Auta yake kallo.

"Darakta ne ya dawo mini da rubutun," ya ce. "Ya ce kalaman soyayyata kamar sanarwar ofis suke, in gyara ko ya nemo wani. Na zauna na rasa abin rubutawa. Ni ban taɓa tsayawa zance da wata ba sai ke, to ina zan samo wasu kalaman? Sai na ɗauki wanda nake da shi."

"Ba naka ba ne kai kaɗai," in ji Auta. "Namu ne. Ka ɗauka ba ka tambaye ni ba, ka sa a bakin mutumin banza, sannan ka ce mini kalma ce kawai."

"Na yi kuskure. Tun ina kan hanya ranar na gane. Ki yafe mini."

Umma ta ajiye carbi. "Ku saurara, dukanku. Kai, sirrin ɗaki ba kayan talla ba ne. Abin da ke tsakanin miji da mata amana ne, ko da kalma ɗaya ce. Ke Auta, zato zunubi ne. Da kin bi zafin zuciya da yau kina cizon yatsa. Ke kuma babba, ba kowane tsumma ne maciji ba."

Auta ta matso a hankali. Ta zare gilashin daga fuskarsa, ta huro masa iska, ta goge da gefen gyalenta kamar yadda take yi wa na kastoma, ta mayar masa. "Dubi yadda ka bar shi. Da me kake gani duk satin nan?"

"Dishi-dishi," ya ce.

"Malam Biro," in ji Yaya tana laluben rimot, "in za ka rubuta na gaba, ka zo ka tambayi waɗanda suka sani. Kana ba mu kunya."

Auta ta koma gidanta a ranar. Bayan sati uku, wayar magidancin ta yi ƙara a cikin shirin, sunan "Bakanike" ya fito, matarsa ta miƙa masa da hannunta. Kalmar tabarauna kuwa ba a sake jin ta a talabijin ba.