Dutsen Gugar Telan Bariki

Ranar Litinin da hantsi, saura kwana biyu bikin Katorzu, sallar Faransawa ta sha huɗu ga Yuli, na shekarar 1954, Issa Ɗanmalam ya shigo barikin Dogon Dutsi da ƙarar sata. Shi ne telan da ke ɗinka wa jandarmomi kaki, mutum mai tsabta da taushin murya. An ɗauke masa dutsen guga, irin mai cin gawayi, kuma dutsen na gwamnati ne. Ga kaki goma sha biyu suna jiran guga kafin faretin.

Sufeto Mahamadu Sabo, wanda aka turo daga Dosso wata biyu da suka wuce, ya tambaye shi wa yake zargi. Issa ya ce maƙwabciyarsa A'i mai fura, don ita kaɗai ke shiga gidan.

"Matarka fa?"

"Zalihatu ta tahi Kore Mairuwa wurin iyayenta, yau kwana goma. Daga ni sai yara biyu."

Sufeto ya ɗauki jandarma ɗaya suka bi shi gida. A zaure keken ɗinki yake, komai a jere. Cikin gida kuwa tsit. Umaru, ɗan shekara huɗu, yana zaune gindin turmi. Sufeto ya lura da takalman mace a ƙofar ɗaki, da wani ƙaramin ɗaki a ƙurya an garƙame shi da kwaɗo. Issa ya ce yadin gwamnati ne a ciki, makullin kuma yana wurin magatakardan bariki.

A'i tsohuwa ce, katanga ɗaya ta raba su. Ta rantse ba ta taɓa dutsen ba. Da Sufeto ya tambaye ta zaman Issa da matarsa, sai ta ce lafiya lau, ita ba ta taɓa jin komai ba.

Amma a ɗakinta ya ga sawun ƙafafun gado huɗu a gindin katangar Issa, gadon kuwa an ja shi can wancan bango.

"Iya, me ya sa kika matsar da gadonki?"

"Ɗigar ruwa," in ji ta, ba ta dube shi ba. Sufeto ya ɗaga kai. Jinkar sabuwa ce, ko haske ba ya ratsa ta.

Daga nan ya wuce lakwal, makarantar boko, don babbar ɗiyar Issa, Balki, ita ke share zaure kullum. Malaminta Sama'ila, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci, ya ce yarinyar tana da ƙoƙari, sai dai kwanakin nan ba ta jingina da benci, kuma yau ko fita wasa ta ƙi, tana rungume da jakarta.

Aka kira ta. Shekarunta tara. Ta taho kafaɗa ɗaya a karkace saboda nauyin jakar.

Sufeto ya durƙusa gabanta. "Ɗiyata, ba ni in riƙe miki."

Ta ƙi. Sai da malamin ya lallashe ta ta saki. Dutsen gugar ne a ciki, naɗe da tsumma.

"Wa ya ba ki?"

"Ni na ɗauka. Inna ta ce in kai shi nesa."

"Yaushe ta faɗa miki?"

"Jiya da marece."

Sufeto ya dubi malamin, malamin ya dube shi. Ya tambaye ta a hankali yadda Inna ta yi magana da ita jiya alhali tana Kore Mairuwa. Balki ta ce ta ƙasan ƙyaure suke magana, ta nan take tura mata fura in Baba ya tafi masallaci.

Da ta juya za ta koma benci, wuyan rigarta ya zame. A bayan kafaɗarta akwai ƙuna mai tsini a sama, faɗi a ƙasa. Sufeto ya dubi ƙasan dutsen da ke hannunsa.

Suka koma gidan Issa, ba su nemi makulli ba. Jandarma ya fasa kwaɗon da gindin bindiga, wari ya buso musu. Babu yadi ko ƙyalle. Zalihatu ce kwance rub da ciki a kan tabarma, zazzaɓi na kaɗa ta, ƙudaje sun rufe mata baya. Sufeto ya ƙirga sawun dutse bakwai, wasu sun warke sun yi fari, biyu suna ruwa. Shekara goma sha ɗaya yana aikin nan, bai taɓa ganin irin wannan ba sai ranar.

Da ta buɗe ido ta ga kaki, abin da ta fara cewa shi ne, "Cikin murhu na faɗa."

A'i ta shigo a guje, ta gani, ta zube ƙasa. Ta ce shekara uku tana jin kukan ta katanga. Sau ɗaya ta kai magana wurin dangi, aka ce mata tsakanin miji da mata ne, sai ta ja gadonta don ta samu barci.

Issa yana tsaye a tsakar gida. Da farko ya ce iska ce ta kama matarsa take ƙona kanta. Sufeto ya ajiye dutsen a gabansa ya tambaye shi yadda mutum zai kai guga tsakiyar bayansa, da kuma wace iska ce ta sa kwaɗo ta waje.

Issa ya yi magana da taushin muryar nan tasa.

"Gardama gare ta, ranka ya daɗe. Da can da hannu nike yi, sai mutane su ga huska. Baya kuwa zane na rufewa. Da ciwon ya ɓaci na ji tsoron likita ya gani, shi ne na kulle ta ta warke."

"Yarinyar fa?"

"Ita ta shiga tsakani."

Aka sa masa ankwa. Jandarma ya tasa shi gaba, A'i kuma ta tallabo Zalihatu za a kai ta wurin likita. Sun kai bakin zaure ke nan sai wata ƙaramar murya ta fito daga bayansu, a tausashe.

"Ke, wa ya ce ki hito? Koma ciki."

Umaru ne, riƙe da sandar awon ubansa. Kafin A'i ta ankara, Zalihatu ta riga ta juya ta yi taku biyu zuwa ɗakin.

Issa ya tsaya cak, ya waiwaya ya dubi ɗansa. Sufeto ya karɓe sandar daga hannun yaron, ya ɗauke shi ya saɓa a kafaɗa.

"Tafi da telan," ya ce wa jandarma.