Kantun Alhaji Maigari a Ruwan Kifi

Ranar Alhamis ce, kasuwar Shinkafi ta cika ta batse, Salima na tsaron rumfar gishirin mahaifinta, Alhaji Maigari, shi ya tafi sallar azahar. To ku da ba ku san Salima ba, Allah ya zuba mata ƙyanƙyami. Ƙuda ya sauka a bakin kofinta, ita da kofin nan sai a lahira.

Hancinta ne ya fara sanar da ita zuwan baƙon. Ƙarni! Ta ɗago, sai ga saurayi dogo, fes da shi, yana murmushi kamar ba daga jikinsa abin ke tashi ba.

"Salamu alaikum. Gishirin teku nike nema."

"Na Balma gare mu da na buhu," ta faɗa ta cikin gyale. "Kifi za ka shanya?"

"Raya su zan yi."

Ya ce sunansa Armiya'u, gyaran sola yake a Ƙaura Namoda. A shagonsa yana da akwatin gilashi mai 'yan kifayen gulbi, yanzu kuma so yake ya mayar da ruwan na gishiri, ya zuba kifayen teku masu launi irin waɗanda yake gani a waya.

"A shagon da kake cin abinci?" Ta yamutsa fuska. "Tir! Malam, matsa baya kaɗan, don Allah."

Ya matsa, amma wata Alhamis ya dawo. Ta gaba ma ya dawo, yana ƙanshin lemun tsami. Gishirin teku dai bai samu ba, lambar waya ya samu.

"Gimbiyata, yau na dirje hannuna har fata ta koɗe. Ko an yafe wa bawan Allah ya matso taku ɗaya?"

"Sarkin Ruwa, taku ɗaya na yarda. In na ji ƙarni ka koma biyu."

Kun san zuciya ba ta shawara da hanci. Kafin damina ta ɗauke, Salima ta kamu.

Alhaji Maigari ne ya ƙi. Shi Bilyaminu mai turare na Zurmi yake so mata, mutumin da in ya wuce layi sai an yi ta shaƙa. Bilyaminun kuwa ya riga ya raɗa masa cewa yaron Ƙaura ya sa an kawo masa duwatsu daga teku, kuma mai ajiye dutsen teku ai ba a rasa shi da harkar 'yan ruwa.

Da Armiya'u ya zo gaisuwa, ya durƙusa a zaure ya yi bayani. Duwatsun nan, in ji shi, 'yan halittu ne ƙanana maƙale a jikinsu, su ke gyara ruwa kafin a sa kifi. Yanzu suna cikin ɗan ruwan da suka zo da shi, gishiri na musamman kawai yake jira daga Legas.

"Legas?" Alhaji ya gyara zama. "Tun ba a haihe ka ba nike kawo gishiri daga Balma. Mi na Legas ya hi nawa da shi?"

Ya sa aka mirgino kantun gishiri guda. "Ungo, ka zuba wanga. Juma'a ta sama ina Ƙaura wurin yayata Kulsumu, zan biyo in gani da idona."

Salima na bayan ƙofa tana ji. Ita da ta tashi cikin gishiri ta san kantu na dabbobi ne, da ƙasa da kanwa a cikinsa. Ta rubuta masa: "Sarkin Ruwa, don girman Allah kada ka zuba. Shanu ake lasa wa shi."

"Na sani, Gimbiyata. Amma da wane baki zan ce wa Baba kayansa bai yi ba? In kuma ya tambaye ni ko na zuba, ba zan yi masa ƙarya ba. Kifayen gulbin na kwashe su a baho. Sauran mu bar wa Allah."

Ya daka kantu ya zuba. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa, halittun jikin duwatsu suka mutu, zafin gari ya ƙarasa sauran aikin.

Ranar Juma'a Salima ta bi mahaifinta Ƙaura da sunan gaida Gwaggo Kulsumu, su ukun suka nufi shagon. Tun daga bakin layi suka ga mai shayi ya kwashe teburinsa ya koma tsallake. Wari ne, jama'a, ba na wasa ba. Ruɓaɓɓen ƙwai da mushen akuya a kwata, ku haɗa su ku rufe a ɗaki. Wata kumfa toka-toka ta taru a saman ruwan, wani abu mai yauƙi yana zarya a jikin gilashi, ƙudaje kuwa kamar an aika musu goron gayyata.

Salima ta toshe baki. Ta ruga bakin kwata ta amayar da kunun safe.

"A'uzubillahi!" Alhaji ya toshe hanci da hannun riga. "Wanga ƙazami zan ba ɗiyata? Kai ko kare ba ya kwana nan! Ashe gaskiyar Bilyaminu!"

Maƙwabta suka taru. Salima ta ɗago da jajayen idanu tana jira Armiya'u ya faɗi gaskiya. Sai ta ga ya durƙusa.

"Laifina ne, Baba. Sabon shiga nike, ban iya ba. A yi mani haƙuri."

Alhaji ya tofar da yawu ya juya. Salima ta bi shi taku kaɗan, ta tsaya. Ta naɗe gyale a hanci, ta ɗauki bokiti.

"Gimbiya, bari, za ki sake yin amai."

"Zan yi mana. Ɗebo, kafin in canza shawara. Kuma wallahi kada ruwan nan ya taɓa mani ƙafa."

Ya taɓa. Ta yi ihu, ta zage shi, ta sake kelaya amai, ta kuma dawo da bokitin. Gwaggo Kulsumu na tsaye tana kallo, sai da aka kwashe ruwan tas ta ja hannun yarinyar suka tafi. A hanya Salima ta faɗa mata komai.

Gwaggo kuwa ba ta tauna wa ƙaninta magana. "Kai Maigari, gishirin shanu ka ba yaro ya zuba wa halittun teku, sannan ka tsaya gaban jama'a kana zagi nai?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya dubi Salima. "Ya san kantun ne zai ɓata ruwan?"

"Tun kafin ya zuba, Baba."

"Kuma ina haɗa shi da kare, bai buɗe baki ba?"

Ya shafa gemu. "Wanda ya rufa mani asiri cikin warin nan, zai rufa wa ɗiyata. A ce ya turo magabatansa."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Shinkafi, aka kai amarya Ƙaura da rana tsaka, kun san hanyar yanzu ba a yi mata yamma. Gishirin Legas ya iso, aka sake sababbin duwatsu, Armiya'u ya yi haƙuri har duwatsun suka gyara ruwa kafin ya sa kifi.

Da Alhaji ya zo ganin ɗaki, ango ya kai shi shago. Tsohon ya sunkuya yana kallon wasu 'yan kifaye biyu, ruwan lemu da ratsin fari, suna kewaya dutse.

"Ana cin su?"

"A'a, Baba. Kallo ake."

"Duk bala'in nan don kallo? Tir!" Ya miƙe ya dafa kan surukinsa. "Allah shi shirye ka, Armiya'u. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Muka ce amin, ku ma ku ce.