Akun da Ya Iya "Da Sauƙi"

A can wani gari, an yi wata mai kitso da aka ba ta kyautar aku. Abu ɗaya ta koya masa. In ta ce, "Ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Masu zuwa kitso su yi ta dariya.

Ba a jima ba akun ya daina cin gyaɗa, ya takure, hancinsa na yoyo. Maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, ki kai shi wurin likitan dabbobi mana."

Ta leƙa kejin ta ce, "Ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Kin ji da kunnenki," in ji ta, ta koma kan kitsonta.

Akun ya kasa hawa sandar da yake tsayawa a kai, ta tambaya, ya ce da sauƙi. Sai da ya kwanta warwas ta kai shi.

Likita ya taɓa ƙirjinsa, ƙashi zalla. Ya ce, "Baiwar Allah, kin makara. Me ya hana ki zuwa?"

"Shi ya ce da sauƙi."

"Banda wannan, me kika koya masa?"

Da kejin kaɗai ta koma gida.