Saura Maki Tara

"Auta, ƙarya kike yi a cikin fili."

Da wannan Dogo ya tare ni a ƙofar ɗakin canza kaya, ko sannu babu. Shi ne mai duba ƙafafun 'yan ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'armu, kuma shi nake so. Iya kafaɗata ya tsaya, shi ya sa na laƙaba masa sunan.

"Wace irin ƙarya kuma?"

"Sau biyar yau kina ƙarƙashin kwando, ba kowa a gabanki, sai ki miƙa wa wata. Wasa uku ke nan kina haka!"

"To ina ruwanka? Naɗa bandeji aka ɗauke ka..."

Ya juya, ya tafi. Maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi min, don gaskiya ya faɗa.

A bangon zauren wasanmu akwai allo mai sunan Yayata. Maki ɗari huɗu da sha biyu ta ci a shekararta ta farko, shekara tara ke nan ba wadda ta kamo ta. A shekara ta biyu gwiwarta ta karye, wasa ya ƙare. Yanzu firamare take koyarwa, da sanda take tafiya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Baba, ita ta koya min riƙe ƙwallo. Ga ni yau a tawa shekarar ta farko, saura maki tara in goge sunanta, saura wasa ɗaya. Wallahi ba zan iya ba.

Ranar wasan ƙarshe aka tafi hutun rabin lokaci ina da maki biyu kacal. Muna zaune Koci, mai horar da mu, tana ta faɗa, sai na ji ƙarar sanda a ƙofa. Yaya ce, Dogo na bayanta yana sunkuyar da kai. Gulmamme! Ashe har makarantarsu ya je ya faɗa mata.

"Koci, ara min ƙanwata minti biyu."

Muna fita ta dube ni sama da ƙasa.

"Tausayina kike ji?"

"Yaya... allon nan shi kaɗai ya rage miki."

"Shi kaɗai? Katako? Wa ya riƙa tashinki da asuba har kika iya jefawa da hagu? Abin da ya rage min ga shi nan tsaye yana jan majina."

"Amma Yaya..."

"Yi min shiru! Ko maki ɗaya ba wadda ta bar min, da gumina na ci su. Kar ki mayar min da su sadaka, Auta."

Na koma fili idona jawur. Na jefa, ta shiga. Na sake, ta shiga. Da ya rage saura maki ɗaya, har na juya zan miƙa wa wata, sai na ji muryarta ta fi ta kowa: "Jefa, don Allah!"

Na jefa. Maki sha shida na ci ranar.

Da mutane suka watse, Yaya ta ce ba mai cire allon sai ita. Dogo ya riƙe mata kujera, ni na riƙe ƙugunta.

"Masoyiya, har yanzu fushi ake?" ya raɗa min.

"Ka yi haƙuri da maganar bandeji, zuciyata."

"Ina jin ku fa," in ji Yaya daga sama. "Kai, ka turo manyanka ranar Asabar."

Ta sauko da allon, ta goge shi da gefen mayafinta, ta rungume. Sai a lokacin na ga hawaye na bin fuskarta.

"Yaya, ai na san zai yi miki ciwo..."

"Yana yi mana," ta ce. "Na ce miki ba zai yi ba ne? Riƙe min sandata, mu je gida."