Mutum-mutumin da Ya Nufi Gefen Tebur

A wani gari, a wata shekara, an yi wata yarinya da ta shiga gasar ƙera mutum-mutumi mai tafiya. Yara suka jera nasu a kan dogon tebur. Wanda nasa ya fara kaiwa jan layi, maki goma nasa ne.

Alƙaliyar gasa ta ce, "Da zarar na busa usur, duk wanda ya sa hannu ya fita."

Aka busa usur. Na yarinyar yana gaba, gabanta yana ta faɗuwa. Can sai ta ga na wani yaro ya karkace ya nufi gefen tebur. Wata uku ya yi yana haɗa shi da gwangwanaye. Ta dubi nata, ta dubi nasa. Ta sake duban nata, ta sake duban nasa. Sai ta yi wuf ta cafe nasa kafin ya kai ƙasa.

Alƙaliya ta ce, "'Yata, kin san doka?"

"Na sani, Malama."

"To, kin fita."

Nata ya tsallake jan layi, ba a rubuta mata komai ba. Ta miƙa wa yaron nasa.

Ya ce, "Don me?"

Ta share hawaye ta ce, "Nawa zai sake gudu baɗi. Naka da ya faɗi, shi ke nan."