Rege a Amsa-kuwwar Liman

Da sunan Allah mai rufa asirin bayinSa nake soma wannan labari.

Raihanatu na tsakar gida tana tankaɗe, innarta Kadijatu na gyaran yakuwa, kunnuwansu duka na wajen masallaci. Al'adar mahaifinta ce, Liman Abdulmajid, duk bayan la'asar ya jona salularsa da amsa-kuwwa, matan ƙauyen nan na ƙasar Azarori su ji tafsiri daga cikin gidajensu. Yau sabon karatu ake jira, don jiya Shu'aibu ya cika masa kart memwar, ɗan katin ajiyar sauti na salula, a kasuwar Bangi.

Shu'aibun nan shi ne mai neman aurenta. Sana'arsa bin kasuwanni da moto da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, yana tura wa mutane abin saurare. Dattawa su karɓi karatu, samari kuwa sabbin waƙoƙin da suka fito: rege na Abijan da Jamaika, kiɗan Kongo, har da na Kuba da ba mai jin abin da suke faɗa. Da ƙyar Liman ya amince da shi. Saura kwana tara manyansa su zo a sa rana.

Amsa-kuwwar ta yi tari sau biyu. Sai wata ganga mai nauyi ta faɗo wa gari, jita na tsalle a bayanta, wani ƙato na rera waƙa da murya kamar ya haɗiye tsakuwa. Liman bai san inda ake kashewa ba. Ya yi ta danne-danne, kiɗa ya ƙara ƙarfi, ya koma wata waƙa mai ƙahonni, har sai da ladan ya tumɓuke wayar batir.

Rariya ta suɓuce daga hannun Raihanatu.

Liman ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Bai dubi ɗiyarsa ba, ya ce wa Kadijatu a aika Bangi, manyan yaron nan su yi zamansu.

Kwana uku Raihanatu ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta ɗauki tulu ta aje, ta shiga ɗaki ta fito, ta hura wuta ba tukunya a kai. Wajen rijiya 'yan mata na ganinta sai su hau kaɗa kafaɗa suna ƙunshe dariya. A rana ta ukun ta ari salular innarta ta kira shi.

Ya gaya mata yadda aka yi. Kart abu ne da bai wuce farce ba, shi ya sa yake jefa na kowa cikin kwalin ashana ya rubuta suna a bisa. Ranar nan kasuwa ta cika, Iro ɗan kabu-kabu na tsaye yana masa gaggawa, sai ya sa na Iro a kwalin Malam, na Malam a kwalin Iro. Yanzu haka Iro na can hanyar Buza yana jigilar mutane da tafsiri.

Ba ta yi dariya ba. Ta tuna masa Bala, mai gyaran salula da ke kama masa tebur in ya tafi salla, wanda shekaranjiya ya hau mota zuwa ci-rani Aljeriya. Ta ce ya gaya wa Malam Bala ne ya musanya su kawai. Wa zai bi shi can ya tambaya?

— Raihana, hannuna yas sa shi cikin kwalin, in ji Shu'aibu. Don mutum ba shi nan sai in ɗora mishi?

— To ka zaɓa, ko ni ko Bala!

Ya ce ba zai yi ƙarya ba. Ta kashe salular, ta kifa kai bisa turmi tana kuka.

Ranar Juma'a ya zo da kansa. Ta leƙa ta kafar zana, ta ga ya durƙusa gaban dattawa. Tsoho Isaka ya ce a share fili, mai rege ya iso, aka yi ta dariya. Shu'aibu bai ɗaga kai ba. Ya ce Allah gafarta Malam, laifin nasa ne shi kaɗai, a yafe masa. Liman ya ce ya yafe kuskure, amma mutumin da ba ya raba karatu da ganga ba zai riƙe masa ɗiya ba.

Wata guda ya wuce. Da fari haushin Shu'aibu take ji, daga baya haushin ya juyo kanta. In ta yi kabbara sai sunan Bala ya faɗo mata, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta rame har Kadijatu ta soma jiƙa mata magani.

Wata safiya ta kai wa mahaifinta kunu, ta ƙi tashi.

— Baba, akwai abin da ba ka sani ba. Ni nic ce mishi shi yi maka ƙarya, shi ce Bala ne. Na ce in bai yi ba shi rasa ni. Ya ƙiya.

Liman ya aje ludayi. Ya daɗe yana jan tasbaha, ita kuwa hawaye na ɗiga bisa tabarma, tana jiran abin da zai sauka kanta.

— Ke ɗiyar liman kin biɗi ƙarya, shi mai saida kiɗa ya hana ki, in ji shi a hankali. Ashe ba ke nika tsarewa daga gare shi ba, shi yat tsare ki. Tashi ki kirawo min innarki.

Aka aika Bangi a karo na biyu. Liman ya ce sai bayan an cire hatsi, kuma babu zance kafin nan. Wata huɗu Raihanatu ta yi haƙuri ba ko gaisuwa, sai dai yanzu tana cin abinci. Da kaka aka ɗaura aure.

'Yan uwana mata, in so ya matsa maku har kuka ga ƙarya ce hanya mafi kusa, ku dubi wanda kuke so. In ya ƙi bin ku cikinta, ku riƙe shi da kyau, domin gobe ku ma ba zai yi maku ita ba. Allah Ya sa mu dace.